Maganin Feshi da Zuciyar Ɗan Tayi: Wa Ke Ɗauke da Alhaki?

Da zarar ruwan farko ya sauka a ƙauyukan Filato, Kudancin Kaduna, Taraba ko Adamawa, abin da ake fara gani a hanyar gona da sassafe shi ne magidanci goye da tankin feshi. Aikin da dā sai an tara gayya, yanzu mutum ɗaya yana gama shi kafin rana ta take. Da hantsi yakan dawo gida, rigarsa a jiƙe daga kafaɗa har ƙugu, gama tankin yana yoyo. Ya tuɓe ta ya yar a bakin ƙofa, uwargida ta ɗauka ta haɗa da kayan yara ta wanke da hannunta. Ragowar maganin kuwa a tura shi ƙarƙashin gado domin kada yara su kai gare shi. Babu wanda ya yi mugunta a gidan nan, kowa yana neman abin da iyali za su ci ne. Sai dai mai yiwuwa ne a wannan safiya uwargidan tana ɗauke da cikin mako uku ko huɗu, wanda ko ita kanta ba ta sani ba tukuna.

Waɗannan makonni ba kamar sauran ba ne. Zuciya ita ce gaɓa ta farko da take fara aiki a jikin ɗan tayi. Wajen kwana 22 bayan shigar ciki takan fara motsi, alhali a lokacin 'yar bututu ce kawai. Daga nan sai ta lanƙwashe, bangaye su tsiro a cikinta su raba ta ɗakuna huɗu, babbar jijiyar da ke fita daga cikinta ta rabu biyu, ɗaya ta nufi huhu, ɗaya ta nufi sauran jiki. Kafin mako na takwas ya cika, ginin ya kusan kammala. Abin da ya karkace a cikin waɗannan kwanaki, haka za a haife shi. Mata da yawa kuwa ba su zuwa awon ciki sai a wata na huɗu ko na biyar, sa'ad da magana ta riga ta ƙare.

Lahanin zuciya shi ne ya fi kowane lahani na haihuwa yawa a duniya. Kimanin jariri ɗaya cikin kowane 100 akan haife shi da shi. Waɗansu ƙananan ramuka ne da sukan toshe da kansu, yaro ya girma bai san an yi ba. Waɗansu kuwa sukan nuna kansu tun a makonnin farko: jariri ya kama mama ya saki domin gajiya, gumi ya keto masa a goshi, numfashi ya yi sauri, leɓɓa su yi duhu, watanni su wuce bai ƙara nauyi ba. An yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Nijeriya a asibitin koyarwa na Inugu a 1974, amma har yau aikin ya fi ƙarfin aljihun talaka, kuma iyalai da yawa Indiya suke dubawa. Wanda ya taɓa ganin an zaga da faranti domin irin wannan yaro ya san abin da ake nufi.

Tambayar da ke gaban kowane iyali mai noma ita ce: idan ana zaton abu yana iya cutar da wanda ba a haifa ba, amma ba a tabbatar ba, me ya wajaba a kan mutum? In kuma an haifi yaron da lahani, wa za a tuhuma?

Akwai abubuwan da likitoci ba su shakka a kansu. A 1941 wani likitan ido a Ostareliya, Norman Gregg, ya lura cewa matan da suka yi ƙyandar rubela a farkon ciki suna haihuwar yara masu yanar ido da ciwon zuciya. Ciwon sukari da mace ta shiga ciki da shi ba a daidaita ba yana ƙara haɗarin. Haka waɗansu magungunan asibiti, haka kuma gādo: kusan rabin yaran da aka haifa da larurar Down suna da lahani a zuciya. Duk da haka, a yawancin yara babu likitan da zai iya nuna dalili guda ya ce ga shi.

Maganin feshi bai shiga wannan jeri na tabbatattun dalilai ba, yana cikin jerin waɗanda ake tuhuma. Yawancin binciken da aka yi a kansa daga Amurka ya fito, domin can ne ake rubuta kowace haihuwa, ana kuma iya bin sawun iyaye. Daga 1981 zuwa 1989 masu bincike a yankin Baltimore da Washinton sun tattara bayanan jariran da aka haifa da ciwon zuciya, suka kwatanta su da lafiyayyu, suka tambayi iyaye mata abin da suka ci karo da shi a farkon ciki. A 2001 aka buga wani sashe na sakamakon. Akwai wani lahani mai tsanani wanda manyan jijiyoyin nan biyu suke musayar wuri, jinin da ya kamata ya tafi huhu ya koma jiki ba tare da ya ɗauki iska ba. An sami wannan lahani kusan ninki biyu a 'ya'yan matan da suka yi mu'amala da magungunan kashe ƙwari da ciyawa a watanni ukun farko, alaƙar kuma ta fi ƙarfi a maganin ciyawa da maganin ɓera. Jarirai masu wannan lahani da aka gina lissafin a kansu ba su kai 100 ba.

Binciken da ya biyo baya bai zo da murya ɗaya ba. A 2014 aka fitar da na kwarin San Joaquin a jihar Kalifoniya, inda doka ta tilasta wa manoma rubuta abin da suka fesa da inda suka fesa shi. An duba abin da aka zuba a gonakin da ke cikin mita 500 daga gidan kowace uwa. Mafi yawan sinadaran ba su nuna alaƙa da komai ba, kaɗan ne suka nuna. A 2015 wani babban bincike da ya haɗa jihohi da dama ya duba matan da aikinsu ne ya haɗa su da maganin feshi. In an haɗa ciwukan zuciya duka wuri ɗaya, ba a ga ƙari ba. Da aka rarraba su iri-iri, aka kuma ware matan da suka fi cuɗanya da maganin, sai alamu suka bayyana a waɗansu: rami tsakanin ɗakunan sama, rashin girman ɓangaren hagu na zuciya, da lahanin nan mai fuska huɗu da ake kira da sunan Fallot. An kuma sani cewa da yawa daga cikin sinadaran nan suna ratsa mahaifa, gama an same su a jinin cibiya da kashin farko na jarirai.

Abin da za a iya faɗa da gaskiya ke nan: akwai hayaƙi, ba a ga wutar da ido ba. Raunin shaidar kuwa yana da dalilai. Uwar da ta haifi yaro marar lafiya takan kwana tana tuna duk abin da ta taɓa, wadda ta haifi lafiyayye ba ta da dalilin tunawa, sai lissafi ya karkata. Wanda ya gwada ɗaruruwan sinadarai a kan ciwuka iri-iri, tilas waɗansu su dace da juna ta hanyar katari kawai. Manomi kuma ba magani ɗaya yake fesawa ba, gauraya yake yi. Amma babban dalilin ya fi waɗannan nauyi. Hanyar da ake tabbatar da illar abu ita ce a raba mutane kashi biyu, a ba waɗannan, a hana waɗancan, a jira a gani. Babu mai hankali da zai yi wa mata masu ciki haka. Saboda haka cikakkiyar shaidar da ake cewa a jira ba za ta zo ta wannan ƙofa ba. In za ta zo, sai dai ta taru a hankali daga yaran da abin ya riga ya shafa. Wanda ya ce ba zai canza komai ba sai an tabbatar masa, ya yarda ke nan 'ya'yan waɗansu, ko nasa, su zama abin awo.

Manomi yana da amsa, kuma amsarsa ba ta wasa ba ce. Zai ce ciyawa ba ta jiran sakamakon bincike. Samarin da za su yi noma sun tafi birni, kuɗin ƙwadago ya fi ƙarfinsa, lita ɗaya ta magani tana yin aikin mutane da yawa. In ya bar feshi, uwargidan nan da ake neman karewa ita ce za ta duƙa da fartanya cikin rana da cikinta, yunwa kuma ba ta yi wa ɗan tayi alheri. Zai ƙara da cewa matan unguwa duka suna wanke kayan feshi, ga 'ya'yansu suna tsalle a tsakar gida. Wannan ma gaskiya ne. Lahanin musayar jijiyoyi yakan sami jariri ɗaya ne cikin dubbai, ko an ninka shi biyu bai zama ruwan dare ba. Akwai kuma wurin da maganin ƙwari yake ceton rai ƙarara: gidan sauro mai magani, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya take ba masu ciki shawarar kwana a ciki, domin zazzaɓin cizon sauro yana kashe uwa da ɗa, wannan kuwa ba zato ba ne. Duk wanda ya karanta shafin nan ya je ya kwance gidan sauron matarsa, ya gudu daga inuwar haɗari ya faɗa cikin haɗarin kansa.

Ashe maganar ba ta a bar feshi ba ce. Maganar ita ce awo: me za a rasa in an yi hattara alhali babu haɗari, me kuma za a rasa in an yi sakaci alhali akwai shi? A gefe ɗaya akwai ɗan sabulu, bokiti na dabam, da 'yan kwanakin jira kafin a shiga gonar da aka fesa. A ɗaya gefen akwai zuciyar da mutum zai rayu da ita dukan kwanakinsa. Wanda zai biya kuwa ba ya cikin shawarar. Magidanci da ya zaɓi ya fesa ba takalmi ba safar hannu, jikinsa ya sa a caca. Ɗan tayi ba a tambaye shi ba, ba shi da bakin ƙi, ba shi da ƙafar kaucewa.

Tarihi ya taɓa nuna darajar wanda ya tsaya a kan shakka. A 1957 aka fara sayar da maganin barci mai suna talidomayid a Jamus ta Yamma, masu ciki suka yi ta sha domin laulayi. A 1960 aka nemi izinin sayar da shi a Amurka, takardun suka faɗa hannun wata likita, Frances Kelsey. Ba ta da shaidar cewa yana lalata 'ya'ya. Abin da ta gani shi ne ba a kawo isasshiyar shaidar cewa ba ya cutarwa ba, sai ta ƙi sa hannu duk da matsin da ta sha. Kafin a janye maganin a ƙarshen 1961, an haifi yara fiye da 10,000 a ƙasashe dabam-dabam da naƙasar hannu da ƙafa, waɗansu har da zuciya. Maganin feshi ba talidomayid ba ne, da illarsa ta kai haka da tuni an gani. Abin ɗauka a labarin shi ne inda ta ajiye nauyin kawo hujja: a kan mai sayarwa, ba a kan jaririn ba.

In an kawo wannan ma'auni cikin gida, nauyin yakan sauka inda ba a saba ajiye shi ba. An saba a ce wa mace mai ciki ta kula da kanta. Amma yaya za ta kula da cikin da ba ta san da shi ba? Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da yake kwanakin haɗarin sukan wuce kafin a gane, tsarin gida ne ya kamata ya zama mai kariya ga duk macen da take iya ɗaukar ciki, ko an ga alama ko ba a gani ba. Mai riƙe da wannan tsari kuwa, a mafi yawan gidaje, maigida ne. Shi ya sayo maganin, shi ya san ranar da ya fesa, shi zai ce a je a ɗebo ganyen miya a gonar ko a dakata. Fata ce babbar ƙofar da maganin yake shiga jiki, lokacin da ya fi haɗari kuwa shi ne sa'ad da ake tsiyaya shi tsagwaronsa ana gaurayawa da ruwa. Ba aikin da za a ce wa uwargida ta riƙe mazurari ba ne. Namijin da ya wanke rigar feshinsa da kansa a bayan gida, ya yi wanka kafin ya ɗauki yaro ko ya zauna a tabarma, bai rage komai daga girmansa ba, ko da abokan hira za su yi masa dariya kwana biyu. Jarkar da maganin ya ƙare a cikinta a huda ta, kada ta koma ta man ja ko ta ruwan sha, komai kyanta. Ɗakin kwana kuma ba ma'ajin guba ba ne.

Ba gona kaɗai ba ce. A birni ma akan zuba fiya-fiya a lungunan ɗaki a rufe ƙofa a kwanta, a barbaɗa shinkafar ɓera kusa da tukwane. Sinadarin DDVP da ke cikin fiya-fiya da Sniper shi ne wanda yawansa a busasshen wake ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da waken Nijeriya a 2015. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da shi a kasuwanni da kantunan sayayya barkatai. Ba a tabbatar cewa wannan sinadari yana lalata zuciyar ɗan tayi ba. Abin da labarin yake nunawa shi ne kusancin guba da akushi, alhali akwai mafita: buhun PICS mai ruɓi uku, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma tun 2007, yana kashe ƙwarin wake ta hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba.

Daga maigida nauyin yana hawa sama. Mai shagon da yake tsiyaya magani cikin robar ruwa marar rubutu ya sayar wa wanda bai iya karatu ba, ya ɗauki rabonsa. Sama da shi akwai abin da ya fi wuyar haɗiya. Tarayyar Turai ta janye izinin atarazin a 2004, parakwat kuma a 2007, amma kamfanoni a can suka ci gaba da sarrafa magungunan da aka hana a gonakinsu suna aikawa ƙasashen matalauta. Faransa ta kafa dokar hana wannan ciniki daga 2022. Masu kāre cinikin sukan ce kowace ƙasa tana da ikon zaɓar abin da take so, yanayi da buƙata kuma sun bambanta. Akwai gaskiya a ciki, sai dai dokokin amfani da aka rubuta a jikin kwalba an rubuta su ne domin manomin da ke da rigar kariya da ruwan famfo, ba domin wanda yake fesawa da silifas ba.

Saura rabi na biyu na tambayar, wanda ya fi zafi. An haifi yaron, likita ya sa na'ura a ƙirjinsa ya ce akwai rami. Kafin a isa gida an fara neman mai laifi. Dangin miji su ce irin gidansu matar ne, wata ta ce ta ci abin da aka hana, wani ya ce hannun maƙiya ne. Yanzu kuma, in ba a yi hankali ba, wanda ya karanta labarin maganin feshi zai sami sabuwar sanda: ai ita ce ta yi ta shiga gona. Wannan zalunci ne, kuma ilimin da aka jawo domin a yi shi bai goyi bayansa ba. Bincike irin wanda aka ambata yana magana ne a kan dubban haihuwa, ba ya iya nuna yaro guda ya ce maganin ne ya yi masa. Ko a Filorida, inda mata uku da suka yi aiki a gonakin tumatir na kamfani ɗaya suka haifi yara masu mummunan lahani cikin 'yan makonni tsakanin ƙarshen 2004 da farkon 2005, masu binciken gwamnati sun ga alamun an karya ƙa'idodin kariya, amma ba su iya tabbatar da cewa feshin ne sanadi ba.

Rashin tabbas ɗin nan guda yana yin aiki biyu, mutane kuwa sukan juya su. Kafin haihuwa ya kamata ya sa a yi hattara, sai a mai da shi uzurin sakaci, a ce ai ba a tabbatar ba. Bayan haihuwa ya kamata ya kame harshe, sai a manta da shi, a yanke hukunci kamar an gani da ido. Masu karanta Bisharar Yohanna sun san tambayar da almajirai suka yi a sura ta 9 game da mutumin da aka haifa makaho, ko laifinsa ne ko na iyayensa, sun kuma san cewa ba a karɓi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Uwar da take zaune a bencin asibiti da jariri mai haki ta riga ta tuhumi kanta fiye da yadda kowa zai iya. Maigidan da ya tuna da rigar da ya yar a bakin ƙofa shi ma haka. Ya halatta ya ce daga yau ba zai ƙara ba, amma ba shi da hujjar cewa shi ya jawo, kuma nadamar da ta hana shi tashi neman magani ba ta amfani yaron da komai ba.

Abin da yaron yake bukata a lokacin sananne ne: a kai shi asibitin da ke da likitan yara da na'urar hoton zuciya, tun bai galabaita ba. Waɗansu ramukan sa ido kawai suke so, waɗansu magani yana riƙe su har yaro ya yi ƙwari, waɗansu sai tiyata, jinkiri kuwa yana iya lalata huhu har tiyatar ta daina amfani. In likita ya tambayi abin da uwa ta yi mu'amala da shi a farkon ciki, a faɗa masa duka, har da sunan maganin da watan da aka fesa shi, a kuma roƙe shi ya rubuta. Amurka ta iya yin lissafinta ne domin akwai waɗanda suka rubuta irin waɗannan amsoshi shekara da shekaru. A ƙauyukan da mata suke wanke kayan feshi da hannu, yawancin haihuwa a gida ake yi, jaririn da ya rasu a mako na biyu kuwa akan binne shi ba tare da kowa ya saurari ƙirjinsa ba.